Dada Mastura da Tsofaffin Kayan Gidan Abdulghani

A cikin Balad, tsohon garin Jidda, akwai lungunan da mota ba ta shiga, sai dai mai kaya ya sauke a bakin titi ya ƙarasa da baro. A ɗaya daga cikinsu, can bayan Suƙ Alawi, akwai wani gida dogo, fari, mai tagogin katako da suka ɓullo waje, waɗanda mutanen Hijaz ke kira roshan. Sunansa Gidan Abdulghani, don wani attajirin hatsi mai wannan suna ne ya gina shi, tun zamanin da jiragen ruwa ke sauke alhazai a bakin gari. Amma in ka tambayi mai sayar da dafaffen waken ful na kan kwana, ko telolin da ke ƙasan gidan da ke kallonsa, gidan Dada Mastura za su ce maka, saboda ita suke gani tana buɗe tagogi kowace safiya.

Ba a Balad aka haifi Mastura ba. 'Yar Nuzla ce, kudancin gari, inda gidaje ke manne da juna har maƙwabciya kan san ko kin sa daddawa a miya. Kakanta Bazazzagi ne. Ya taso da ƙafa zuwa hajji, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga, ya ƙetare teku, ya sauke farali, sa'an nan ya tuna tsawon hanyar komawa ya ce sai baɗi. Haka ya yi ta cewa sai baɗi har aka binne shi a Jidda. Mahaifinta dako ya yi a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarta kuma ita ke girki a Gidan Abdulghani. Ta ƙofar kicin ɗin nan Mastura ta shiga gidan tana budurwa, tana taya uwarta yankan albasa.

Ba ta daɗe a kicin ba. Sitti Zakiya, uwargidan wancan lokacin, ta haifi wani yaro mai kukan tsiya, Abdulelah, wanda ya gagari kowa. Wata rana Mastura ta ɗauke shi ta saɓa a baya ta ɗaure da zani, kamar yadda ake yi a Nuzla, ta ci gaba da shararta. Kafin ta gama tsakar ɗaki ya yi barci. Daga ranar ba ya barci sai a bayanta, kuma da bakinsa ya buɗe ya kira ta Dada, kamar yadda yaran manyan gidajen Jidda ke kiran mai renonsu. Sunan ya bi ta har yau. Ta yi aure da wani direba mai suna Nuraddeen, suka zauna lafiya, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu, Sitti Zakiya ta aika aka ɗauko ta, ta ba ta ɗaki a can ƙarshen bene, inda iskar teku ke fara sauka. Ƙanenta kuma, da ya ga ta zama ita kaɗai, ya ba ta riƙon 'yarsa Latifatu.

Sannu a hankali manyan gidajen Balad suka watse. Kowa na son inda zai ajiye mota a ƙofar gida, ya kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya sha sanyi, ba ya hau matakala yana haki ba. Iyalan Abdulghani ma suka tashi, suka yi arewa, har suka dangana da Abhur. Mastura ta ce a bar ta. Aka bar mata makulli, iƙamarta, takardar izinin zama a ƙasar, na nan a sunan gidan, ta ci gaba da abin da ta saba: ta buɗe tagogi da safe, ta share, ta cika randa, ta turara kofunan ruwa da mistika, wani ƙaro mai ƙamshi, ko da ba wanda zai sha sai ita.

Latifatu ta girma a kan matakalan gidan nan, kuma ƙila shi ya sa da ta gama jami'a ta nemi karatun adana tsofaffin gidaje. Aka ba ta gurbi a Bergen, wani gari na bakin teku a ƙasar Norway. Ta yi shekarunta can, ta dawo da digiri da manyan rigunan sanyi da ba su da amfani a Jidda, ta yi aure ta zauna a wani bene a unguwar Safa. Duk Alhamis takan zo Balad. Wata Alhamis ta buɗe wa gwaggonta hotuna a waya.

"Gwaggo, shufi, duba ki gani. Nan na yi aiki lokacin hutu. Gidajen 'yan kasuwar busasshen kifi ne, na katako, a bakin ruwa."

Mastura ta nisanta wayar da fuskarta don ta gani da kyau. "Me ya same su suka jingina da juna haka, kamar tsofaffi a layin asibiti?"

"Tsufa ne."

"Wannan kuma kabad ne?"

"Gado ne. Mutum ya shiga ya ja murfi. Kuma duk sanyin garin nan, a wancan zamani ba a hura wuta a cikin gidajen, saboda tsoron gobara."

"La haula. To wannan teburin fa? Duk ya lotsa, ga tabo. Ba wanda ya ji kunya ya kankare shi kafin a ɗauki hoto?"

"Ai shi ake zuwa gani, Gwaggo. Daga ko'ina a duniya. An bar komai yadda masu gidan suka bar shi."

"Matansu suna ina?"

"Ba a barin mata su zauna a gidajen a lokacin."

"Shi ya sa," in ji Mastura, ta miƙa mata wayarta. A wurinta magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. A shekarun nan Balad ta farfaɗo. Aka yi ta gyaran tsofaffin gidaje, wasu suka zama gidajen tarihi, baƙi suka fara yawo a lunguna da kyamarori a wuya. Abdulelah, wanda yanzu ya yi furfura a gefen kai, ya yanke shawarar buɗe gidan kakanninsa ga masu ziyara, ya ɗauki Latifatu ta tsara masa. Ran da ya zo gaya wa Mastura, ya sumbaci kanta, ya zauna ƙasa da ita, ya yi ta kewaye-kewaye kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa abu.

"Dada, in gida ya zama mathaf, ya'ani gidan tarihi, ba a kwana a cikinsa. Kamfani ke gadi. Na gyara miki ɗaki a Abhur, kusa da na Ummi. Ba matakala, ga mukayyif, ga teku."

"Abudi," ta ce, don ita ba ta taɓa kiransa da cikakken sunansa ba sai a gaban mutane, "na je Abhur ɗin nan. Katanga, katanga, katanga. In mutum na son lemun tsami sai ya nemi direba. Wa zan gaisar da safe, bishiyar dabino?"

"Ummi na nan."

"Ummi na barci har azahar."

Ya yi dariya, amma bai janye ba. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a jira. Malamar Latifatu, wata Doktora daga Bergen, za ta zo ta duba gidan ta ba da shawara. In ta ce gida irin wannan na buƙatar mai kwana a ciki, halas, Dada ta zauna. In ta ce a'a, sai Abhur.

Mastura ta kwana biyu tana juya maganar. Ta fahimci cewa zamanta a ɗakinta na sama ya rataya a kan abin da baƙuwar nan za ta gani. To ai kuwa in kula da gida ne, ba a haifi wadda za ta nuna mata ba.

Ana saura 'yan kwanaki, Latifatu ta zo da gaggawa. Ta bi ɗakuna ta ɗauki hoton komai, ta ce za ta je Riyad wajen wani taro, ta dawo ana gobe Doktora za ta iso.

"Gwaggo, don Allah kada ki taɓa komai. Ko tsinke. A bar shi yadda yake."

"To, 'yar nan. Allah ya kiyaye hanya."

Mastura ta ji daɗin tarbiyyar yarinyar. Haka kowane ɗa na gari yake ce wa babba: kada ki wahalar da kanki. Baƙo ma yakan ce kada a dafa masa komai, ya ƙoshi, amma wa ya taɓa jin an bar baƙo da yunwa don ya faɗi haka? Latifatu na fita ta ɗaura ɗankwali ta naɗe hannun riga.

Ta fara da tagulla. Manyan farantan da ke jingine a bangon majalisa da samawar, babbar tukunyar dafa shayi, sun yi baƙi ƙirin, sun daɗe suna ci mata rai, Sitti Zakiya ce kawai ba ta taɓa cewa a goge ba. Ta samo toka wajen mai gasa tsire, ta yanka lemun tsami, ta zauna a kansu yini guda har ta ga haƙoranta a cikin faranti. Sa'an nan ta juya kan sauran. Kafet ɗin majalisa ya koɗe, ga rami a tsakiya inda garwashin shisha ya taɓa faɗawa. Rigunan karawita, dogayen kujerun nan na jikin bango, sun yi laushi har audugar ciki na leƙowa. Randar da ke ƙasan matakala ta tsage, an ɗaure ta da waya, gindinta ya yi kore. Ga kofunan shayi masu ɓantararren baki, ga mafitai na kaba da suka zube. Mace ta taso daga ƙarshen duniya a nuna mata wannan? Me za ta je ta ce game da mutanen Jidda?

Ta tafi kasuwar Bab Sharif ta zaɓo jan kafet mai zanen zinariya, da sababbin rigunan kujera masu ƙyalli, da fulas-fulas na shayi, da tukunyar ruwa ta roba mai famfo, da furannin roba don kan taga. Tsofaffin kuwa ba ta zubar ba, Allah ya tsare. A gidan nan, tun tana budurwa, duk shekara kafin azumi Sitti Zakiya kan fitar da abin da ya tsufa a kai wa matan Nuzla. Mastura ta bi al'adar gida. Ta kira mai dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ta bi gida gida ta raba, ana yi mata addu'a, ta dawo ranta fes.

Da Latifatu ta dawo ta hau majalisa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta koma da baya ta zauna a kan matakala, ta ɗora kai a gwiwa.

"Ya yi kyau, ko?" in ji Mastura. "Jan nan na so ya fi haka duhu, amma shi ya rage."

"Ya Ammati. Ya Ammati, esh sawwaiti? Gwaggo, me kika yi? Ina kafet ɗin?"

"Mai ramin? Yana gidan Zubaidatu."

"Randar fa?"

"Ita ma."

Latifatu ta ɗago. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne, amma idonta ya cika. Ta ce kafet ɗin nan tare da mai gidan na farko ya shigo, ta jirgin ruwa. Ramin nan da Gwaggo ke jin kunyarsa shaida ce cewa mutane sun zauna a nan sun yi hira. Sabon kafet kowa na da shi a gidansa, ba wanda zai hau matakala don ya gan shi. Baƙin farantan nan kuma shekaru ne suka yi shi, ba datti ba ne.

"Na ce kada ki taɓa, Gwaggo."

"Na ɗauka kara ce kike yi mini."

"Ba kara ba ce. Kuma in Ustaz Abdulelah ya shigo gobe ya ga wannan, ba sai Doktora ta buɗe baki ba. Zai ce kin gani, shi ya sa ba a barin mutum ya kwana a mathaf."

Nan ne maganar ta shiga Mastura. Ta dubi jan kafet ɗin, ta dubi furannin, ta ga Abhur tana matsowa da katangunta. Ta zauna kusa da yarinyar a kan matakala.

"Bari in je Nuzla in roƙe su," in ji Latifatu.

"A'a. Hannun da ya bayar shi zai je."

Ta faɗa da sauƙi, amma ta san nauyin abin. Duk shekarunta a Nuzla an san ta da bayarwa. Yaro ƙarami ma in ya ba ɗan'uwansa alewa ya ce a dawo masa da ita, sai an yi masa waƙa a unguwa. Ga ta tsofai-tsofai za ta bi ƙofa ƙofa tana karɓar kyautar da aka riga aka yi mata addu'a a kanta. Sai ta ce a naɗe jan kafet ɗin, a kwashe fulas da rigunan kujera, a kira mai dabbab. In za ta karɓa, ba za ta je hannu rabbana ba.

Latifatu ta raka ta. A yawancin gidajen abin ya zo da sauƙi. Wadda aka ba kofuna masu ɓantararren baki ta ga fulas mai ruwan zinariya, ta ce Hajiya ai ko kullum ki zo. Wata ta riga ta shimfiɗa wa kyanwarta rigar karawita, aka ɗaga kyanwar aka kakkaɓe. Amma labari ya riga su. Kafin su kai gidan Zubaidatu, mata sun cika ƙofarta, ita kuma ta fito da kujera ta zauna kamar alƙali.

Zubaidatu ƙawar Mastura ce tun suna ɗaukar ruwa a famfon unguwa. Iyayenta daga Sudan suka zo, amma asalinsu Kano, saboda haka tsakaninta da Mastura akwai wasan Kanawa da Zagezagi, ko da yake a cikinsu ba wadda ta taɓa ganin Kano ko Zariya.

"Ahlan, ahlan," in ji Zubaidatu. "Ku matsa wa Bazazzagiya. An yi kyauta shekaranjiya, yau an zo awo a ga ko ta ƙaru."

"Ya ukhti, ki rufa mini asiri."

"Wane asiri? Duk Nuzla ta ji. An ce wata Baturiya ce ta taso daga ƙasar ƙanƙara don ta ga fasasshiyar randa. Ku ji fa. Mu nan muna da su har bayan gida, ba wanda ya zo."

Mata suka fashe da dariya. Mastura ta nuna tukunyar roba mai famfo da jan kafet a bayan dabbab.

"Kafet na karɓa," in ji Zubaidatu, "jan nan ya yi mini. Naki ma na ɗinke miki ramin da shuɗin ƙyalle, ba sai kin gode ba." Latifatu ta rufe ido. "Amma randa, la, ba zan bayar ba. Ruwanta kamar na Zamzam don sanyi. Robar nan ki kai wa Zagezagi."

"Bakanuwa dai ba ta sakin abin da ya shiga hannunta."

"To kin sani, me ya kawo ki?"

Mastura ta matsa kusa, ta rage murya, ta gaya mata gaskiya: in randar nan ba ta koma ƙasan matakala ba, ita ce za ta bar gidan. Abhur za a kai ta.

Fuskar Zubaidatu ta canja. Ita ma 'yarta ta taɓa ɗauke ta zuwa wani bene mai lif, ta yi wata guda ta gudo. Amma Bakanuwa ba ta bari a ga ta yi laushi a gaban jama'a.

"Tayyib. Sharaɗi biyu. Na farko, ni zan kai ta da kaina gobe, in ga Baturiyar da idona. Na biyu, ki faɗa a gaban matan nan cewa Kano ta fi Zariya."

"Ki ji tsoron Allah, Zubaidatu."

"Yalla, muna ji."

Mastura ta dubi sama, ta nemi gafarar kakanta, ta faɗa a hankali.

"Ba mu ji ba!"

Ta sake faɗa da ƙarfi. Aka yi guɗa har mai shagon kan layi ya leƙo ya ga ko biki ake yi.

Washegari da hantsi komai ya koma mazauninsa. Latifatu ta bi hotunan wayarta tana jera kofi bayan kofi, ta warware shuɗin facin da ƙaramin almakashi, zare bayan zare. Zubaidatu ta iso da randa a naɗe cikin bargo, ita kuma cikin abayar da take zuwa biki da ita. Farantan tagulla ne kaɗai ba yadda za a yi da su. Suna nan jingine suna walƙiya kamar kayan amarya.

Bayan la'asar Abdulelah ya shigo da Doktora, wata doguwar mace mai farin gashi, fuskarta ta yi ja da zafin Jidda. Ta cire takalmi tun ba a ce mata ba, abin da ya sa Mastura ta ɗan saki rai. Ta bi gidan a hankali, hannayenta a baya. Ta durƙusa a gaban randa ta daɗe tana kallon wayar da aka ɗaure ta da ita, Zubaidatu na zungurin Mastura. Ta leƙa ramin kafet ta yi murmushi. Da ta zo kan farantai sai ta tsaya, ta dubi hoton da Latifatu ta aika mata tun farko, ta sake duban bango, ta yi tambaya.

Latifatu ta fara wata doguwar amsa da Turanci. Mastura ba ta jin Turanci, amma ta san muryar mai rufa wa wani asiri.

"Me ta ce?"

"Tana tambayar wanda ya goge su."

"Ki ce mata ni ce. Da toka da lemun tsami. Kuma ki gaya mata an hana ni, ban ji ba. Ki faɗa yadda na faɗa."

Latifatu ta fassara. Doktora ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ai ba laifi ba. Ta ce duhun nan da aka kankare ya fi duk wanda ke ɗakin shekaru, kuma ba zai dawo ba a rayuwarsu. Asara ce. Mastura ta haɗiye maganar, don ta san gaskiya ce.

Abdulelah ya sauke numfashi. "Shufti, ya Dada? Kin gani ko? Abin da nake gudu ke nan."

"Ustaz," in ji Zubaidatu, wadda ba wanda ya tambaye ta, "farantai ka gani. Ba ka ga jiya ba." Ta kwashe labari duka ta zuba masa, da rabon kaya, da dabbab, da kyanwa, da abin da aka sa Mastura ta faɗa a gaban mata. "Matar da ta bi Nuzla gida gida tana karɓar kyautarta saboda fasasshiyar randarku, ita za ka kai Abhur ta yi gadin bishiya? Ka tambayi kamfanin naka ko akwai wanda zai yi haka a cikinsu."

Abdulelah ya buɗe baki. Bai san an fitar da komai daga gidan ba. Ya dubi Latifatu, ta sunkuyar da kai. Ya dubi Dada, ita kuwa ta dube shi ido cikin ido kamar ran da ta kama shi yana shan taba a saman bene. Doktora ta nemi a fassara mata, aka fassara, har da Kano da Zariya, wanda ya ɗauki lokaci. Wannan karon ta yi dariya har ta share ido.

Sa'an nan Abdulelah ya yi mata tambayar da aka kawo ta dominta. Ta yi tunani kafin ta amsa. Ta ce a garinsu wuta ce abin tsoro, shi ya sa suka fi son gidajen katako su kwana ba kowa. Nan kuwa ta ga bangon dutsen teku ne, mai shan laima, kuma gida irin wannan in aka kulle shi yakan ruɓe daga ciki. Ita da za ta so a samu mai buɗe tagogi kullum, mai jin ɗigar ruwa tun ba ta zama ɓarna ba. Amma sai wanda in aka ce masa kada ya taɓa, ba zai taɓa ba. Ta ce ita ba ta san matar nan ba. Su suka san ta.

"Dada ta ji magana?" in ji Abdulelah. "Tun da aka haife ni ban gani ba."

Mastura ta juya. Ta sauka kicin, ana jin takunta a matakala, ta dawo da ledar toka da ragowar lemun tsami da soson ƙarfe, ta ɗora masa a hannu, a kan farar rigarsa.

"Riƙe. Abin da ke bayan igiyar da Latifa za ta ɗaura don tare masu ziyara, na haramta wa hannuna, Allah shaida. Tagogi nawa ne. Zauren ƙasa ma nawa ne, don ba za a shigo gidan nan a fita ba a sha ruwa ba, ko mathaf ne ko masallaci. In ka ga na saɓa, ka turo direba, ni da kaina zan shiga motar."

Abdulelah ya tsaya da toka a hannu, yana duban tsohuwar da ta goya shi. Can ya ce, "Halas, ya Dada. Zauna." Zubaidatu ta rangaɗa guɗa, Doktora ta firgita ta dafe ƙirji.

Suka sauko zauren ƙasa, inda Mastura ta riga ta tanadi shayi da tsire da balila, dafaffen wake mai tsami. Abdulelah ya ce bari ya sanar da Ummi tun da wuri, don ta sa rai. Ya kira Abhur ya buɗe muryar wayar. Sitti Zakiya ta saurara har ya gama.

"Na san ba za ta zo ba," in ji ta. "Mastura ce fa. To in ba za ta zo ba, ni a kawo ni ran Juma'a. Ku ce mata ta shimfiɗa mini karawitata ta jikin roshan, a nan zan sha shayi."

Latifatu ta matso ta raɗa wa Abdulelah cewa karawitar nan ita ce abu na farko da zai shiga bayan igiya, ba mai sake zama a kanta.

Ya miƙa mata wayar. "Tafaddali. Ke kika yi karatu a Norway, ke za ki yi wa Ummi bayani."

Mastura ta juya musu baya, ta ɗauki buta ta ƙara wa Doktora shayi.